Katsina Biyu: Tarihin Babban Birnin da Sarautarsa Ta Yi Ƙaura

Wanda ya tsaya a Mazanya, ƙauyen da ke bakin iyaka a ƙaramar hukumar Jibiya, yana tsakanin sarakuna biyu ne masu amsa suna ɗaya. In ya bi titi ya yi kudu maso gabas, kafin awa guda ya isa Gidan Korau, inda Sarkin Katsina yake zaune. In kuma ya bi ta Magama ya tsallaka Ɗan Isa ya miƙe arewa, tafiya kusan irin waccan za ta kai shi Maraɗi, a nan ma wanda ake faɗuwa a gaisar Sarkin Katsina ne. Kowanne yana da Ƙaura da Galadima da Durɓi da 'Yanɗaka. Ɗaya naira ake kashewa a kasuwarsa, ɗayan kuwa sefa.

Abin da aka saba ji a bakin direbobi da fatake, musamman ranar da aka garƙame iyaka, shi ne Turawa ne suka raba 'yan uwa. Maganar da gaskiyarta, amma rabin labarin ke nan. Lokacin da Ingila da Faransa suka zo da taswirarsu, sun tarar Katsina ta yi kusan shekara ɗari a rabe. Birnin da ganuwarsa da kayan sarautarsa suna kudu, gidan sarautar da ya gina shi yana arewa, tsakaninsu kuwa daji ne da yaƙi ya kore mutanensa. Wanda ke son fahimtar wannan iyaka, sai ya fara da tarihin birnin da ya taɓa mulkin ɓangarorin biyu.

Daga Durɓi ta Kusheyi zuwa Gidan Korau

Labarin baka ya ce sarautar Katsina ta faro ne daga Kumayo, kuma zuriyar farko ita ce ta Durɓawa. Mazauninsu yana gabas da birnin yanzu, a Durɓi ta Kusheyi ta ƙasar Mani, inda har yau tudun kaburburan sarakunan farko suke tsaye. Na ƙarshensu shi ne Sanau, wanda aka ce Korau, baƙo daga 'Yandoto, ya kayar da shi a kokawa ya kashe shi, ya hau gadon. Komai yawan ƙarin gishirin da ke cikin wannan labari, abin da yake nunawa a fili yake: a ƙarni na 15 iko ya fita daga hannun masu kula da tsafin ƙasa ya koma hannun wani sabon gida mai alaƙa da fatake da malamai. Muhammadu Korau shi ake lissafawa Sarkin Katsina Musulmi na farko, da sunansa ake kiran fada, kuma zamaninsa ake danganta ginin masallacin Gobarau, wanda hasumiyarsa ta ƙasa take nan a tsakiyar birni.

Sabon gidan bai share tsohon ba. An bar wa Durɓawa sarautar Durɓi, aka sa shi cikin masu zaɓen sarki tare da Ƙaura, shugaban mayaƙa, da Galadima da 'Yanɗaka. Wannan tsari na manyan hakimai huɗu shi ne ƙashin bayan mulkin Katsina, kuma shi ne abin da ya tsira daga duk guguwar da ta biyo baya.

Tun a ƙarshen ƙarni na 15 sunan garin ya isa gabas. Malamin nan na Masar, Jalaluddini Suyuɗi, ya rubuto wasiƙar nasiha ga sarakunan ƙasar Sudan, ya ambaci Sarkin Katsina Ibrahim a cikinsu. Shehu Magili, mutumin Tilimsan, ya sauka a Katsina a zagayen da ya kai shi Kano da Gawo. Wani malami kuma, Aida Ahmad Tazakti, ya yi alƙalanci a birnin har ya rasu wajen 1530. Duk da haka, Hasanul Wazzan, wanda Turawa suka sani da Leo Africanus, a littafinsa da aka buga a 1550 ya kwatanta garuruwan Katsina da ƙauyuka masu bukkoki. Ashe girman birnin yana gaba. Sarki Ali Murabus, a ƙarni na 16, shi ake ba labarin ya zagaye shi da babbar ganuwa.

Zamanin ayari da alƙalami

Abin da ya ɗaukaka Katsina hanya ce. Ayarin da ya taso daga Tarabulus ya bi ta Gadamas da Gat ya sauka Agadas, in ya nufo ƙasar Hausa, Katsina ce babbar kasuwar farko da zai sauke kaya. Daga nan wasu hanyoyin suka yi kudu zuwa Nupe, wasu suka yi yamma zuwa Gwanja, ƙasar goro. Da sojojin Maroko suka karya daular Songai a 1591, harkokin Tumbutu da Gawo suka dagule, sai nauyin cinikin Sahara ya ƙara karkata gabas, Katsina ta ci moriyar haka. Gishiri da dawaki da takarda da tufafi suna shigowa, fatu da saƙa da hatsi suna fita. Bayi ma suna cikin abin da ake kaiwa arewa, kuma wani kaso na arzikin birnin daga nan ya fito.

Ƙasar da ke ƙarƙashin wannan birni ta fi jihar Katsina ta yau faɗi. A arewa ta haɗa da Maraɗi da Tasawa, a kudu ta kai Maska da Gozaki, a yamma ta taɓa 'Yandoto. Kwarin da Jibiya take ciki a yau tsakiyar ƙasa ne a wancan zamani, kogin da ya ratsa shi ya gangara Maraɗi kuwa ruwan cikin gida ne. Ita kanta kalmar Maraɗi asalinta sunan sarautar wani hakimi ne mai biyayya ga Sarkin Katsina.

Arziki ya jawo kishiya. Tarihin Kano ya ƙididdige yaƙe-yaƙen da aka yi ta gwabzawa tsakanin biranen biyu a kan wa zai riƙe bakin hanyar Sahara. Sarkin Kano Kutumbi ya kewaye Katsina wata tara bai ci ta ba, a karo na biyu kuma ya samu raunin da ya yi ajalinsa a 1648. Ba da daɗewa ba malamai suka shiga tsakani aka yi sulhu, ga kuma barazanar Kwararrafa daga kudu da ta sa dole a haɗa kai.

A wannan ƙarni na 17 ne Katsina ta haifi malaman da har yau ake ziyartar kaburburansu: Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667, kuma unguwar Masanawa take ɗauke da sunan gidansa. A ƙarni na gaba aka samu Muhammadu ɗan Muhammadu Alkashinawi, masanin lissafi da taurari. Ya yi aikin hajji, ya zauna a Alƙahira, ya rubuta littafi a kan hatimai, wato jadawalin lambobin da kowane layi nasa yake ba da jimla ɗaya. Ya rasu a 1741 a gidan Hasan Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. Garin da ɗalibinsa zai je Alƙahira a zauna a gabansa a ɗauki karatu, ba ƙaramin gari ba ne.

Shekarar 1807

Kafin jihadi ya iso, birnin ya riga ya gaji. Gobirawa sun kafa Alkalawa a tsakiyar ƙarni na 18, suka matsa wa Katsina lamba daga yamma. Katsinawa sun yi nasara a kan Bawa Jan Gwarzo a Ɗankaishi, amma yaƙin shekara da shekaru ya cinye dukiya da mutane. A cikin gida kuma ga saɓani tsakanin malamai masu neman gyara da fadawa masu riƙe da al'adun gargajiya. Sarki Gozo, wanda ya karkata ga masu gyara, kashe shi aka yi.

Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi hijira zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804. A ƙasar Katsina mutum uku suka jagoranci jama'arsa: Ummarun Dallaje, Ummarun Dumyawa da Malam Na Alhaji. Sun fara da ƙauyuka da ƙananan garuruwa, sannan suka datse hanyoyin da abinci ke shiga birni. Ganuwar da ta gagari Kutumbi ba ta iya tare yunwa ba. Labarin baka ya ce sai da ƙadangare da ungulu suka yi kuɗi a kasuwa. A 1807 Sarki Magajin Halidu ya fice da jama'arsa ya yi arewa zuwa Ɗankama. A can aka sake cin su da yaƙi, shi kuma ya faɗa rijiya ya mutu.

A nan ne tarihin ya rabu gida biyu. Waɗanda suka tsira ba su watse ba. Nan take suka naɗa Ɗan Kasawa, ɗan Sarki Agwaragi, a matsayin Sarkin Katsina, suka nufi Damagaram. A birni kuma Ummarun Dallaje ya zama sarki a ƙarƙashin tutar Shehu, ya yi mulki har 1835. Shekara guda bayan faɗuwar Katsina, a 1808, Alkalawa ma ta faɗi aka kashe Yunfa. Sai dai makomar biranen biyu ta bambanta. Alkalawa ta zama kufai. Katsina kuwa sababbin masu mulki sun gaje ta yadda take: fada ta ci gaba da amsa sunan Gidan Korau, takobin Gajere da tukunyar Korau da Gwauron Tambari suka zauna cikin kayan naɗin sarki, sarautun Ƙaura da Galadima da Durɓi da 'Yanɗaka kuma ba a soke ko ɗaya ba.

Fadar da aka sake ginawa a Maraɗi

Ɗan Kasawa ya yi shekaru yana zaman gudun hijira a ƙasar Damagaram. Wajen 1819 mutanen kwarin Maraɗi suka yi wa wakilin sabuwar gwamnati, Mani Asha, tawaye suka kashe shi, suka aika wa Ɗan Kasawa ya zo. Ya zo da fadawansa, ya zagaye garin da ganuwa, ya naɗa nasa Ƙaura da Galadima da Durɓi da 'Yanɗaka. Bai kira kansa Sarkin Maraɗi ba. A wurinsa da magadansa, Maraɗi zango ce, gida yana kudu, kuma wata rana za a koma.

Wannan buri shi ya cinye ƙarni na 19. Magajinsa Rauda ya haɗa kai da Sarkin Gobir Ali da wasu Abzinawa, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya tare su a Gawakuke a 1836, aka kashe Rauda da Ali a fagen fama. Ɗan Mari, wanda ya gaji Rauda, ya taimaki Gobirawan da suka tsira suka kafa Tsibiri daf da Maraɗi. Haka aka samu fadoji biyu na gudun hijira a kwari ɗaya, kowacce tana riƙe da sunan ƙasar da aka ƙwace mata.

A farkon shekarun 1840 Ɗan Mari ya zuga garuruwan yammacin Katsina, musamman na yankin Ruma, suka yi bore. Sarkin Katsina Siddiƙu ya murƙushe boren da tsananin da ya bar garuruwa da yawa kango. Tsananin nasa ya kai har Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya tuɓe shi a 1844, shi kuma, abin mamaki, ya gudu wurin abokan gabarsa a Maraɗi. Bayan haka aka yi zamanin Ɗan Baskore, wanda hare-harensa suka ratsa ƙasar Katsina har cikin ƙasar Kano da Zazzau. Manomi ba ya shuka inda bai da tabbacin girbi. Mutane suka tattara cikin garuruwa masu ganuwa, gonaki suka koma kurmi, tsakanin Katsina biyu aka samu shingen daji wanda mahara da mafarauta kaɗai ke ratsawa.

Abin da Barth ya tarar

Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya shiga Katsina a farkon 1851, zamanin Sarki Muhammadu Bello, ya sake komawa a 1853. Ya ƙiyasta zagayen ganuwar ya kai mil 13 zuwa 14. Ya ce a lokacin ganiyarsa birnin zai iya ɗaukar mutum 100,000, amma waɗanda ya tarar ba su wuce 7,000 zuwa 8,000 ba, sun taru a wani ɓangare, sauran fili duk gonaki ne da kangaye. Ya tattara sunayen tsofaffin unguwanni masu yawa waɗanda ba su da sauran mazauna. A wannan tafiyar ya ƙiyasta mazauna Kano da 30,000.

Dalilin da ya bayar shi ne wanda fatake suka gaya masa. Katsina ta zama garin bakin daga, ayari kuma ba ya son hanyar da ake tare shi, don haka manyan 'yan kasuwa, har da Larabawan Gadamas, suka kwashe suka koma Kano. Duk da haka Barth ya yaba wa Katsinawa da cewa a bakinsu Hausa ta fi tsabta da wadata, kuma sun fi sauran ladabi da iya zama da mutane. Kirarin ɗakin kara ya daɗe bayan dukiyar ta tafi.

Birnin bai mutu da takobi ba, domin ganuwarsa tana tsaye, sarkinsa yana kan gado. Abin da ya rasa shi ne arewacin ƙasarsa da hanyar da ta bi ta can. Masanin tarihi Yusufu Bala Usman, a littafinsa na 1981 a kan sauye-sauyen Katsina daga 1400 zuwa 1883, ya yi gargaɗi a kan mayar da wannan tarihi rikicin Hausa da Fulani kawai. Akwai Hausawa a rundunar jihadi, akwai kuma waɗanda suka sauya ɓangare saboda haraji ko gona ko sarauta. Gudun Siddiƙu zuwa Maraɗi ya isa misali.

Layin da Turawa suka ja

Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 an zana ta ne da ma'aunin taswira: baka mai nisan mil 100 daga Sakkwato, sannan miƙaƙƙun layuka zuwa gabas. A wannan zane Maraɗi ta faɗo ɓangaren Ingila. Da haka ya tabbata, da Katsina biyu sun kwana ƙarƙashin tuta ɗaya. Amma Faransawa suka gane cewa layin ya bar su ba hanya mai rijiyoyi daga kogin Kwara zuwa Damagaram, suka nemi gyara. A yarjejeniyar 1904 Ingila ta amince a tura iyakar kudu, aka kuma rubuta cewa za a lura da yadda ƙasashen suke a rabe a lokacin, a bar wa Faransa jama'ar Tasawa da Maraɗi da Damagaram gwargwadon iko. An ƙara daidaita layin a 1906, sannan tawagar Kyaftin Tilho da Manjo O'Shee ta bi ƙasa tana kafa alamu har 1908.

Wato a wannan yanki Turawa tsohuwar gaba suka tarar suka ɗora layinsu a kanta. Abin da suka ƙara shi ne dawwama. Iyakar da ta kasance daji mai faɗi, mai matsawa gaba da baya gwargwadon ƙarfin sarki, ta koma layi mai turaku, da hukuma biyu, da harshen mulki biyu, da kuɗi biyu. Lugga ya shiga Katsina a 1903. Cikin 'yan shekaru aka tuɓe Sarki Abubakar, aka tuɓe Yero, sarauta ta koma gidan Muhammadu Dikko na Sulluɓawa, wanda ya yi mulki har 1944, kuma zuriyarsa ke kan gado a yau. Maraɗi kuma ambaliyar 1945 ta cinye tsohon garin da ke cikin kwari, aka sake gina shi a kan tudu. Burin komawa gida ya mutu, sunan dai ya rage.

Da yaƙi ya kwanta, manoma suka koma cikin dajin daga ɓangarorin biyu, aka sare kurmi aka kafa ƙauyuka, aka yi auratayya. Shi ya sa a ƙauyukan bakin iyaka ake samun mai gona a ƙasa ɗaya, surukai a ɗayar.

Hanyar ita ce dai

Katsina ta sake zama babban birni a ranar 23 ga Satumba, 1987, da aka ƙirƙiri jihar da ke ɗauke da sunanta. Maraɗi ta zama cibiyar kasuwancin Nijar, alhazanta suka yi suna tun zamanin gyaɗa, kuma yawancin arzikinsu ta hanyar Jibiya yake bi. Biranen biyu da suka shafe ƙarni suna kai wa juna hari, yanzu kowanne abincinsa yana hannun ɗan uwansa.

Saboda haka duk lokacin da aka toshe hanyar, tsohon ciwon yake tashi. Najeriya ta rufe iyakokinta na tudu a watan Agusta na 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai a 2022. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023, aka sake rufewa saboda takunkumin ECOWAS, manyan motoci suka yi jerin gwano, kaya suka lalace, har Najeriya ta ɗage nata ɓangaren a watan Maris na 2024. A dazuzzukan yammacin Katsina, irin su Rugu, 'yan bindiga sun sake mayar da noma da tafiya abin tsoro, a yankin da hare-haren ƙarni na 19 suka taɓa mayarwa kango. Dalilan yau daban suke da na wancan zamani, amma sakamakon bai sauya ba: ƙauye ya tashi, gona ta koma daji, ɗan kasuwa ya nemi wata hanya.

A watan Fabrairu na 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo mai tsawon kilomita 284 daga Kano, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, zuwa Maraɗi. An yi ta muhawara a kan hikimar kai jirgin Najeriya cikin wata ƙasa. Wanda ya san tarihin yankin zai lura cewa zangon ƙarshe na layin, daga Katsina zuwa Maraɗi, hanyar cikin gida ce ta tsohuwar masarauta, wadda aka yanke a 1807. Katsina ta cika ganuwarta da mutane lokacin da wannan hanya take a buɗe, ta kuma koma gonaki a cikin ganuwar lokacin da aka tare ta. Mutumin Mazanya da ke kallon motocin da ke wucewa, ko waɗanda suka yi cirko-cirko suna jiran a buɗe, shi ne yake fara ganin wanne daga cikin zamunnan biyu yake dawowa.